Uzuri ko Mafaka? Tsokaci a Kan Alƙawarin da Hanya ta Tare

Gabatarwa

Bahaushe ya ce alƙawari kaya ne, ya kuma ce zumunta a ƙafa take. Idan aka gwama waɗannan karin magana guda biyu, abin da za a fahimta shi ne, duk wanda ya ce wa ɗan'uwansa "ina nan tafe," to ya ɗauki kaya ya aza a ka, kuma babu mai sauke masa su sai ƙafarsa. To amma Bahaushen nan dai shi ne ya sake cewa kana naka Allah na nasa. Wato ya san akwai ranar da mutum zai shirya tsaf, ya sa takalmi, ya fito, sa'an nan ya tarar an datse hanya. Tambayar da nake so mu tattauna a wannan maƙala ita ce: idan hanya ta rufe, ina kayan nan suke komawa? Sun faɗi ke nan, ko suna nan bisa kan mai su? Kuma ta yaya mutum zai gane ko abin da ya tare shi uzuri ne na gaskiya, ko kuwa mafaka ce kawai ya samu ya laɓe?

Ba a littafi na tsinci wannan tambaya ba. Abu ne da ya faru da ni a damunar shekarar 2023. Don haka ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri in fara da labarin, domin ba na so in yi wa'azi da laifin wani alhali ga nawa a aljihu.

Sa Rana

Ina da amini a garin Galmi ta Jamhuriyar Nijar, garin nan da ya yi suna wajen noman albasa. Tare muka yi karatun allo a nan Gidan Katta, a zaure ɗaya, tare muke zuwa neman karan da za a hura wutar karatun dare. Daga baya ni aka sa ni boko, shi kuwa mahaifinsa ya kwashe iyalinsa ya koma Galmi, inda aminin nawa ya tashi ya kama noma da fataucin albasa. Shekara talatin da ɗoriya zumuncinmu bai yanke ba. In ya kawo kaya kasuwar Illela ta ranar Lahadi, a gidana yake kwana. In na samu hutu, nakan bi ta Birnin Ƙonni, in wuce Tsarnawa da Malbaza, in je in yi masa kwana biyu.

Allah ya yi wa maiɗakinsa rasuwa, ta bar masa yara huɗu. Ya daɗe bai sake neman aure ba, har dangi suka fara magana. Da Allah ya kawo lokaci, sai ya tako har gida ya same ni. Bayan mun ci tuwo, sai ya ce, "Malam, ka san ba ni da uba, ba ni da wa. Kai za ka amsar mini aurenga."

Mai karatu ya san nauyin wannan magana. Wakilin ango ba ɗan kallo ba ne. Shi ke zama gaban liman ya nemi aure a madadin ango, shi ke miƙa sadaki, shi ke furta cewa ya karɓa, shi ne kuma shaidu ke ji yana ɗaukar nauyin ci da sha da sutura. Bayan biki ma, in wata 'yar rigima ta taso tsakanin miji da mata, ƙofarsa ake fara bugawa. Na ce masa, "In Allah ya kai mu, ko ana ha-maza-ha-mata sai na zo." Aka sa rana Asabar ɗin mako na biyu na watan Agusta. A wajenmu an fi yin biki da kaka, lokacin da aka kai amfanin gona gida, amma sai ya roƙi iyayen yarinya a yi a tsakiyar damuna, don kawai ya dace da dogon hutun makaranta. Wato dai saboda ni aka sa wannan rana.

An Rufe Iyaka

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga watan, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka zauna a Abuja, suka yanke shawarar rufe iyakokin ƙasa da na sama tsakaninsu da Nijar, suka kuma ba sojojin wa'adin kwana bakwai. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Manyan motoci suka yi dogon layi a bakin iyakar Illela, kaya suna lalacewa a cikinsu. Tawagar Janar Abdulsalami Abubakar, wadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar yake ciki, ta tafi Yamai neman sulhu. Ranar 10 ga Agusta, wato saura kwana biyu ɗaurin aure, ƙungiyar ta sake zama ta ba da umurnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. A kowace majalisa, daga bakin masallaci har teburin mai shayi, ba a maganar komai sai yaƙi.

Ga wanda ke zaune a Kano ko Kaduna, rufe iyaka labari ne na rediyo. Mu kuwa a nan, tamkar a gina bango ne a tsakiyar tsakar gida. Tsakanin Illela da Ƙonni tafiya ce ta 'yan mintoci a kan babur. Harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da 'ya ko suruka a ɗaya ɓangaren. Shi kansa Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmin da nake shirin zuwa. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a kan takarda. A yarjejeniyarsu ta 1898 sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, wadda ta bar Ƙonni da Galmi a hannun Ingila. Sai a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka janyo layin kudu, domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Da ba a yi wannan gyara ba, da ni da aminina ƙasarmu ɗaya.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba. An rufe iyakar a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai a Maris na 1986, abin da ya haɗu da farin wancan lokaci har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna "El-Buhari." An sake rufewa a Agustan 2019, sai ranar 16 ga Disamba, 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, har da ta Illela. Saboda haka mun san wannan bango, mun kuma san inda yake da tsaga.

Gaba Kura Baya Sayaki

Na faɗi maganar tsaga ne domin a nan gardamar take. Iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Barno, ba a iya kulle ta da kwaɗo. Ƙofar hukuma ce aka rufe. Ɓarauniyar hanya kuwa tana nan, ta cikin gonakin gero, kuma 'yan kabu-kabu suna bi safe da yamma, sai dai kuɗin ya ninka. Kowa a garinmu ya san haka, ni ma na sani.

Sai na zauna na jera wa kaina dalilan da suka hana ni bin ta. Na farko, ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma malamin makaranta. Da bakina nake gaya wa ɗalibai cewa bin doka wajibi ne ko da ba ta yi maka daɗi ba. Da wane ido zan kalle su in aka ce an tsare malaminsu a ɓarauniyar hanya? Na biyu, ana maganar yaƙi, in na ƙetare aka fara harbe-harbe, wa zai riƙe mini iyali? Na uku, hanyoyin daji a wannan yanki namu ba su da aminci, kowa ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga. Ko malaman fiƙihu da suka ce amsa gayyatar walimar aure wajibi ce ga wanda aka ambaci sunansa, sun yarda cewa tsoron cutuwa a hanya yana sauke wajibcin.

Waɗannan dalilai babu na ƙarya a cikinsu. Har yau in wani ya zo neman shawara a irin wannan hali, ba zan ce masa ya keta doka ko ya jefa kansa cikin haɗari ba. Ranar Alhamis da dare na buga wa aminina waya, na ce, "Wallahi na so zuwa, amma ka ga yadda Allah ya yi da mu." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ba komi, Malam. Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Aka nemi wani maƙwabcinsa ya karɓi auren.

Faɗuwa ta Zo Daidai da Zama

Da labarin ya tsaya a nan, da babu abin rubutawa. To amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba, shi ne abin da na ji a zuciyata a daren da rediyo ta ba da sanarwar rufe iyaka. Ba baƙin ciki na ji ba. Wani irin sanyi na ji, kamar wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji.

Ga dalili. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Naira ta yi rauni a gaban sefa, ta yadda jikkar da za ka kashe a Ƙonni sai ka fitar da kuɗi fiye da yadda ka saba. Wakilin ango ba ya zuwa hannu rabbana. Akwai gudummawa, akwai ɗinkin da zai shiga taro da shi, akwai kuɗin mota, akwai tsarabar yara. Na yi lissafi na ga abin zai lashe fiye da rabin albashina, ga taki ban gama biya ba, ga komawar yara makaranta a watan Satumba. Makonni na yi ina juyi a kan gado, ina neman yadda zan yi. Kunya ba za ta bar ni in ce wa aminina ba ni da hali ba. Kwatsam sai ga shugabannin ƙasashe sun zauna a Abuja sun ba ni amsar da babu mai iya musa ta. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ban gane girman abin ba sai ranar Lahadi, washegarin ɗaurin aure. Ina zaune a ƙofar gida sai ga wani dattijo na unguwarmu, ƙanen malaminmu na allo, wanda shekarunsa sun haura saba'in. Ƙafarsa duk taɓo. Ya miƙo mini goro biyu da alewa a ƙullin leda, ya ce, "Ga goron ɗaurin aure, ango ya ce a kawo maka." Ashe shi ya je. Bai ce da ni uffan a kan rashin zuwana ba, ya yi addu'a ya wuce. Goron nan ban iya cin sa ba, a aljihun rigata ya bushe.

Ba ina cewa dattijon ya fi ni gaskiya don ya bi ta gona ba. Mai yiwuwa ma ya yi ganganci. Abin da zuwansa ya tona shi ne, shi ya nemi hanya, ni kuwa ko tambaya ban yi ba. Ban je bakin iyaka na ji ko ana barin masu lalurar biki ko ta rasuwa su wuce da ƙafa ba. Ban aika da gudummawar ta hannun 'yan canji ko fatake ba, alhali kullum ana aikawa. Ban ce a ɗaga ranar ba, ranar da saboda ni aka sa ta. Na dai rungumi sanarwar rediyo na kwanta a bayanta.

Mene ne Bambancin?

A nan ne tambayar ta zama ta kowa, ba tawa ni kaɗai ba. Mutum biyu za su iya fasa tafiya ɗaya, a rana ɗaya, saboda dalili ɗaya, su kuma faɗi kalmomi iri ɗaya a waya, amma ɗaya mai uzuri ne, ɗaya mai laɓewa. Wanda ke kallo daga waje ba zai iya rarrabe su ba. Uzuri shi ne abin da ya shiga tsakanin mutum da abin da yake so. Mafaka kuwa ita ce abin da mutum ya saka tsakaninsa da abin da dama yake gudu. Bango ɗaya ne, sai dai wani ya yi karo da shi, wani kuwa inuwarsa ya shiga.

Tarihin Musulunci ya ajiye mana misalin wannan a yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira. Ba ina kwatanta biki da jihadi ba ne, darasin kawai nake so mu ɗauka. Mutanen da ba su fita ba a wannan tafiya kashi uku ne. Akwai talakawan da suka zo neman abin hawa, ba a samu ba, suka juya suna zubar da hawaye, kuma Alƙur'ani ya wanke su a cikin Suratut Tauba. Akwai mutum tamanin da 'yan kai da suka jira aka dawo, suka zo da rantsuwa da dalilai masu daɗin ji, aka karɓi zahirinsu aka bar su da Allah. Sai kuma mutum uku, cikinsu har da Ka'abu ɗan Maliku, wanda yake da abin hawa da guzuri, amma ya yi ta gobe-jibi har runduna ta yi nisa. Ka'abu mawaƙi ne mai fasahar harshe, da ya so da ya tsara dalilin da za a karɓa. Sai ya zaɓi ya faɗi gaskiya cewa ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace musu kwana 50, daga baya aka saukar da karɓar tubarsu. Duk kashi ukun a Madina suka zauna. Abin da ya raba su shi ne abin da ke cikin ƙirji, da abin da harshe ya faɗa daga baya.

Daga wannan, da kuma abin da ya same ni, na fitar da ma'auni guda uku da nake ganin mutum zai iya auna kansa da su.

Na farko, me ka ji a lokacin da labarin ya iso? Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, to amma mai zuciyar ba ya bukatar madubi. In ka ji zafi, alama ce ta cewa an raba ka da abin da kake so. In ka ji sanyi, to ka tsaya ka bincika. Ba ina nufin jin sanyin shi kansa zunubi ba ne. Ɗan Adam ne, kuma wanda bashi ya danne dole ya ji daɗi in an ɗaga masa ƙafa. Laifin yana farawa ne daga lokacin da ka ji sanyi a ciki, ka fito waje kana rantsuwa cewa zafi kake ji.

Na biyu, ka nemi wata hanyar halal kafin ka sallama? Mai uzuri na gaskiya sai ya ƙwanƙwasa ƙofa biyu ko uku kafin ya koma gida. Mai laɓewa kuwa ƙofar farko ta ishe shi, yana ma tsoron ya taɓa ta biyu kada ta buɗe.

Na uku, ka rama abin da ake iya ramawa? A shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya fito da sahabbai kimanin 1,400 da niyyar Umara, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya, suka koma Madina ba su shiga Makka ba. Da shekara ta zagayo suka dawo suka yi Umarar. Tarewar ta ɗage lokaci, ba ta kashe niyya ba. Haka alƙawari yake. In hanya ta hana ƙafa zuwa, ba ta hana hannu aikawa ba, ba ta hana baki gaisuwa ba, ba ta kuma hana ƙafar zuwa ranar da aka buɗe ba.

A duk ma'aunin nan uku na faɗi. Na ukun ma ya fi muni, domin bayan goron nan kunya ta kama ni, na daina kiran aminina. In ya kira sai in gajarta magana. Wata bakwai muna haka. Iyakar da hukuma ta rufe ƙofa ɗaya ce, wadda na rufe da hannuna ta fi ta tsauri, don ita ba ta da ɓarauniyar hanya.

Wata Gardama

Na taɓa kawo wannan magana a ɗakin malamai, ba tare da na ce ni ne ba. Wani abokin aikina ya ce wannan tsanantawa ce. A ganinsa, tunda dalilin gaskiya ne, kuma shi kaɗai ya isa ya hana tafiya, me ya kai mutum tonon zuciyarsa? Ango bai yi asarar komai ba, an ɗaura aure, an kuma rufa wa kowa asiri. Ya ƙara da cewa ai kunya ma ado ce ga Bahaushe, kuma da a ce wa amini "ba ni da kuɗin zuwa bikinka" gara a jingina abin ga iyaka.

Maganarsa tana da ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Haƙiƙa ba kowace gaskiya ake faɗa wa kowa ba, kuma zaman tare yana bukatar sutura. Na kuma yarda cewa idan wani ne ya kawo mana uzuri, wajibinmu mu karɓa, mu kyautata zato, kada mu tsaya bincike. Inda muka rabu shi ne, wannan sassauci na wanda aka ba uzuri ne, ba na mai bayarwa ba. Ka yi wa ɗan'uwanka sauƙi, ka yi wa kanka tsanani. Mu kuwa mun juya abin, namu uzurin kullum karɓaɓɓe ne, na wasu kuwa sai mun sa shi a sikeli.

Bugu da ƙari, ba gaskiya ba ne cewa ba a yi asara ba. Dubi abin da ya sami kalmar "in sha Allahu" a bakinmu. An umurce mu da faɗinta ne domin mu tuna cewa gobe ba a hannunmu take ba, wato ka ƙulla niyya da gaske, sa'an nan ka miƙa cikawar ga Mai iko. Yau kuwa in ka gayyaci mutum ya ce "in sha Allahu" da wata irin murya, ka san ba zai zo ba. Mun mai da ita ƙofar baya. Kowane uzurin da aka yi amfani da shi a matsayin mafaka yana rage darajar uzurin gaskiya, har ta kai ranar da mutum zai faɗi gaskiyarsa a ƙi yarda. Wannan asara ce ta al'umma gaba ɗaya.

Zuwa Galmi

Ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ECOWAS ta ɗage takunkumin. Ranar 13 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurnin buɗe iyaka, kafin watan ya ƙare ita ma Nijar ta buɗe nata ɓangaren. Mafakata ta rushe. Bayan ƙaramar Salla na ranci kuɗi na kama hanya.

Na same shi a bakin rudu, wato rumbun da suke adana albasa, ana ta ɗura buhuna. Bayan gaisuwa da ban-gajiya, na ja shi gefe na faɗa masa komai: lissafin albashi, da sanyin da na ji, da goron da ya bushe. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ai na sani tun ran da ka bugo waya. Wanda hanya ta tare muryatai daban ta. Rashin zuwanka bai yi mini ciwo ba kamar shirun da ka yi bayan nan. Da ka ce mini babu, da ni na aiko maka. Mi ar ranar abuta in sai da kuɗi za ka zo gidana?"

Ya yafe mini, amarya ta kawo fura, muka kwana muna hira kamar da. Amma kada mai karatu ya ɗauka komai ya koma daidai. Washegari da safe maƙwabcin nan da ya karɓi auren ya shigo, na ga yadda amarya ta durƙusa ta gaishe shi tana kiransa Baba, na ji yadda aminina yake shawara da shi a kan al'amuran gidan. Wannan gurbi nawa ne aka ba ni, na bar shi, wani ya zauna, kuma ya cancanta. Akwai abin da ake ramawa, akwai wanda in ya wuce ya wuce.

Kammalawa

A taƙaice, amsar da na samu ga tambayar da na buɗe da ita ita ce, rufewar hanya ba ta sauke kayan alƙawari, sai dai ta sauya inda za a kai su da lokacin da za a kai. Kuma rashin zuwa ba shi ne cin amana ba. Cin amana shi ne ka bar ƙaddara ta yi maka ƙaryar da kai kake jin kunyar yi da bakinka. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Wanda ya isa ya ce ka karɓar masa aure, ya isa ka ce masa aljihunka babu komai.

Daga ƙarshe, ina da ɗan jan hankali ga 'yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa. Sau da yawa a littattafanmu na ƙagaggun labarai, in marubuci ya rasa yadda zai fitar da tauraronsa daga alƙawarin da ya ɗauka, sai ya aiko masa da haɗarin mota, ko ciwon farat ɗaya, ko tafiyar gaggawa, shi ke nan an wanke shi. Wannan ma laɓewa ce, marubucin ne ya shiga inuwar ƙaddara don gudun aiki. Labarin ba a rufewar hanya yake ba. Yana cikin abin da mutumin ya ji a daren da aka rufe ta, da abin da ya faɗa da gari ya waye. In muka iya rubuta wannan da gaskiya, mai karatu zai ga kansa a ciki, wataƙila ma ya tashi ya nemi wani amini da ya daɗe bai kira ba.

Allah ya ba mu ikon cika alƙawari, ya kuma zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, amin.

Gidan Katta, Ƙaramar Hukumar Illela, Jihar Sakkwato.